Ko asusun HSA da FSA na biyan kuɗin tausa?

Baban Amira, Shikago:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haraji da inshorar lafiya a nan Amurka. Aikina a sito ne, kuma ɗaga kaya ya bar ni da ciwo a ƙasan baya, wanda yakan lafa ya sake tashi. A farkon shekara na amince a riƙa yankar wani abu daga albashina ana zubawa a asusun FSA, wato asusun kuɗin jinya da ba a cire wa haraji, to ga shi Nuwamba ta yi nisa, akwai sauran kusan dala 700 da ban taɓa ba, kuma an ce da zarar shekara ta ƙare kuɗin sun tafi ke nan. Wani abokin aikina ya ce in je gidan tausa in miƙa katin asusun, in huce gajiya, in kuma ceci kuɗina. Shin doka ta yarda da haka, ko kuwa zan jawo wa kaina rigima da hukumar haraji?

Ɗan Zango, Niyok:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Ni da katin asusuna nake biyan kuɗin tausa, na'ura tana karɓa, kuma har yau babu wanda ya taɓa aiko mini da takarda yana neman bayani. Kuɗinka ne, guminka ne, ka je ka yi abinka kafin su salwanta.

Malam Akanta, Atalanta:
Baban Amira, Allah ya ba da lafiya. Ƙanena Ɗan Zango, ka yi mini haƙuri, amma karɓar da na'ura take yi ba hukunci ba ne. Na'urar ba ta san ciwon kowa ba, abin da take dubawa kawai shi ne lambar rukunin sana'ar da aka yi wa wurin rajista da ita. Idan mai tausar yana aiki ne a ƙarƙashin ofishin likita ko na masu gyaran ƙashin baya, katin zai wuce ko da lafiyar mutum ƙalau. Idan kuwa wurin shaƙatawa ne, katin yana iya ƙin wucewa ko da mutum yana riƙe da takardar likita a hannunsa.

Abin da yake hukunci shi ne sashe na 213(d) na dokar harajin tarayya, wanda ya ce kuɗin kula da lafiya su ne waɗanda aka kashe domin gano cuta, ko warkar da ita, ko rage raɗaɗinta, ko jinyarta, ko rigakafinta. Hukumar harajin tarayya, wato IRS, ta yi sharhin wannan sashe a ɗan littafinta mai lamba 502, inda ta bayyana cewa abin da aka kashe domin jin daɗin jiki gaba ɗaya, irin su bitamin ko tafiya hutu, ba ya shiga lissafi. A jerin da ke cikin littafin an ambaci masu gyaran ƙashin baya da maganin allurai irin na mutanen Sin, amma ba a ambaci tausa da sunanta ba, ko ta yarda ko ta hani. Wannan ne ya sa kamfanonin da ke kula da irin waɗannan asusu suke ɗaukarta a matsayin abu mai fuska biyu: idan jinyar wani ciwo sananne ce, ta cancanta, idan kuma huce gajiya ce, ba ta cancanta ba. Hanyar da suke rarrabewa ita ce takardar shaidar larura daga likita, wadda suke taƙaita sunanta da LMN. Saboda haka, Baban Amira, kai da kake da ciwon gaske, ƙofar a buɗe take gare ka, sai dai ta ofishin likita ake shiga.

Ɗan Zango:
Na ji, Yaya. Amma nawa asusun HSA ne, ɗaya asusun ajiyar kuɗin jinyar, kuma ban taɓa ganin inda aka ce in tura rasit ko takardar likita ba.

Malam Akanta:
To ai a nan bambancin asusun biyu yake, kuma ya kamata kowa ya san wanne yake riƙe da shi. FSA na wurin aiki ne. A shekarar 2025 mafi yawan abin da ma'aikaci zai iya zubawa dala 3,300 ne, kuma doka ta wajabta a tantance kowane kashe kuɗi da aka yi daga cikinsa. Idan Baban Amira ya miƙa kati a gidan tausa, mai yiwuwa bayan ɗan lokaci saƙo zai zo ana neman rasit da takardar likita, idan bai kawo ba a dakatar da katin, a kuma nemi ya mayar da kuɗin.

HSA kuwa, wanda dokar da Shugaba Bush ƙarami ya sa wa hannu a Disamban 2003 ta kafa, mallakar mai shi ne, yana bin sa duk inda ya koma aiki, kuɗin da ke ciki kuma ba sa salwanta da ƙarewar shekara. Bankin da ke riƙe da shi ba ya tambayar kowa abin da ya saya. Abin da yake yi shi ne ya aiko da fom 1099-SA mai nuna jimlar abin da aka cire, ya kuma aika wa IRS kwafi. Kai ne da hannunka za ka cike fom 8889 lokacin shigar da haraji, ka rubuta nawa ne daga ciki aka kashe a kan jinyar da ta cancanta, sannan ka sa hannu a kan cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Rashin tambaya kamar wucewa ne ta shingen kwastan a lokacin da babu kowa a bakin aiki, bai mayar da kayan da aka ɗauko masu izini ba. Hukumar tana da shekara 3 a bisa al'ada da za ta iya waiwayar takardun mutum, kuma idan ta ga an cire kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, za a biya harajin kuɗin, a ɗora tarar kashi 20 cikin 100 ga wanda bai kai shekara 65 ba. Misali, wanda ya kashe dala 1,200 a haka, kuma yana matakin haraji na kashi 22, zai biya dala 264 na haraji da dala 240 na tara.

Ɗan Zango:
Yaya, da bakinka ka ce dokar ta haɗa da rigakafi, kuma kowa ya san rigakafi ya fi magani. Ni aikina tsayuwa ce daga safe har dare. Idan ban je an matsa mini jiki ba, ciwon da ke damun Baban Amira ne zai same ni. Wane irin tsari ne zai ce sai na jira bayana ya lalace sannan a yarda in kashe kuɗin da na tara da kaina? A ganina wannan hukunta mai kula da kansa ne.

Malam Akanta:
Ta fuskar hankali maganarka tana da ƙarfi, kuma ban ce tsarin ya yi adalci ba. Sai dai hukumar da kotunan haraji sun daɗe suna fassara rigakafin nan a ƙuntace: sai an danganta shi da wata cuta takamaimiya da ake da dalilin jin tsoron aukuwarta ga wannan mutumin, kuma sai an nuna cewa ba don ita ba da ba a kashe kuɗin ba. Da an buɗe ƙofar yadda kake so, da abinci mai kyau da katifa da kuɗin gidan motsa jiki duk sun shiga, tunda kowannensu yana kare lafiya. Idan tsayuwar tana sa maka ciwo a ƙugu ko a wuya, ka faɗa wa likitanka ya duba ya rubuta, shi ke nan ka fita daga shubuha. Wanda kuma ya riga ya cire kuɗi bisa kuskuren fahimta yana iya tambayar bankinsa ko yana karɓar mayarwa, domin hukumar ta ba da wannan dama, ko da yake ba ta tilasta wa bankuna karɓa ba.

Hajiya Nas, Hustan:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in yi bayanin takardar kanta, tunda ina ganin irinta a wurin aiki. Shafi ɗaya ce tak. A samanta akwai sunan majiyyaci, sai sunan ciwon da lambarsa, sai jinyar da aka ba da shawara, sai sau nawa za a yi da tsawon lokacin da za a ɗauka, misali sau ɗaya a mako na tsawon wata uku, sai sa hannun likita da kwanan wata a ƙasa. Yawancin kamfanonin suna da nasu fom a shafinsu na intanet, kuma ya fi sauƙi mutum ya buga shi ya tafi da shi, domin likita ya fi saurin cike gurabe a kan ya zauna ya tsara wasiƙa. Galibi ba ta wuce wata 12 tana aiki, daga nan sai a sabunta.

Abubuwan da na ga suna sa a mayar wa mutane da takardunsu ba su da yawa. Na farko, likita ya rubuta cewa tausa za ta taimaka wa lafiyar mutum ko ta rage masa gajiya, ba tare da ya ambaci ciwo ba. Na biyu kwanan wata: a yi tausa a Oktoba, a karɓo takarda a Disamba, alhali kamfanoni da dama ba sa karɓar abin da ya gabaci ranar da ke jikin takardar. Sai kuma rasit. Ɗan siririn nan da na'urar kati take fitarwa ba ya isa, domin kuɗi kawai yake nunawa. Ana son wanda ya nuna sunan wanda aka yi wa aikin, da ranar da aka yi, da irin aikin, da sunan mai tausar, kuma yana da kyau a sa lambar lasisinsa. Ku riƙa ɗaukar hotonsa nan take, domin rubutun irin takardar nan yakan goge idan ta kwana biyu a aljihun mota.

Abu Sadik, Kalifoniya:
Hajiya, ina ganin tallace-tallace a Instagram na wasu kamfanoni da ke cewa mutum ya amsa tambayoyi a waya, ya biya kuɗi kaɗan, su aiko masa da takardar ba tare da ya ga likita ba. Wannan ba zai wadatar ba?

Hajiya Nas:
Ɗana, ni dai ba zan ba ka shawarar ka dogara da ita ba. A watan Maris na 2024 hukumar IRS ta fitar da gargaɗi a kan irin wannan, ta ce takardar likitan da aka gina a kan abin da mutum ya faɗa game da kansa kawai ba ta mayar da kuɗin abinci ko motsa jiki ko jin daɗin jiki su zama kuɗin jinya. Ganin likita ta bidiyo ba laifi ba ne, matuƙar ya saurare ka da gaske, ya binciki matsalar, ya kuma rubuta ta a kundinka. Abin da ke ba takardar nauyi shi ne idan an bi sawunta a tarar da ciwon a rubuce a asibiti. Ban da haka ma, mutum ya bar likita ya sa hannu a kan ciwon da ba shi da shi domin ya rage haraji, wannan ya san matsayinsa tsakaninsa da Allah, ba sai IRS ta faɗa masa ba.

Likitan Gashin Ƙashi, Ohayo:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in ja hankalin Baban Amira ga tambayar da ta riga ta kuɗi, wato ko tausa ce ma abin da bayansa yake buƙata. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka, ACP, ta fitar da ƙa'idojin jinyar ciwon ƙasan baya, inda ta ba da shawarar a fara da hanyoyin da ba na shan magani ba. Ga ciwon da bai daɗe ba ta ambaci ɗumama wurin, da tausa, da allurai irin na Sin, da gyaran ƙashin baya, amma ta ce hujjar da ke goyon bayan tausa ba mai ƙarfi ba ce. Ga ciwon da ya wuce wata uku kuwa, motsa jiki da atisayen gyaran gaɓoɓi ne a kan gaba. Abin da nake gani a wurin aiki ya yi daidai da haka: tausa tana sassauta jijiyoyi, mutum ya sami barci, ya ji daɗin kwana biyu ko uku, amma idan ya koma yana sunkuyawa da baya yana ɗaga kwali ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba, ranar Litinin ciwon yana nan yana jiransa.

Akwai kuma fa'ida ta aljihu. Inshora da yawa ba sa biyan tausa ita kaɗai, tsarin Medicare na asali ma, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, ba ya biya, amma akasarinsu suna biyan gashin ƙashi idan akwai larura, kuma a cikinsa muna yin aikin hannu a kan tsoka da gaɓa tare da atisaye. Kason da ya rage a kan majiyyaci ana biyansa da FSA ko HSA ba tare da wata takardar shaida ba, tunda babu mai shakkar cewa jinya ce. Sannan idan ciwon nan a wurin aiki ya samo asali, a tambayi batun inshorar diyyar ma'aikata tun da wuri, domin tana da wa'adin kai rahoto, kuma abin da ita za ta biya bai kamata ya fito daga asusun mutum ba.

Abu na ƙarshe, wanda ciwon bayansa ya zo da mutuwar ƙafa, ko raunin da ke ƙaruwa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi, asibiti zai nufa ba gidan tausa ba. Haka nan wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgi ya ga sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada ya bari a matsa ta, domin yana iya zama gudan jini ne.

Alhaji Mai Shago, Niyu Jazi:
Ni tambayata ita ce ko ribar ta kai wahalar. Wasu suna magana kamar kyauta ake yi musu, alhali kuɗin mutum ne, haraji kawai aka ɗauke. Mu ɗauka ana biyan dala 100 a kowane zuwa, an je sau 12, dala 1,200 ke nan. Wanda yake matakin kashi 12, idan aka haɗa da kashi 7.65 na harajin fansho da Medicare da ake ɗauke wa abin da aka yanka daga albashi, ya tsira da kusan dala 236. Wanda yake matakin kashi 22 ya tsira da kusan dala 356. Ba abin rainawa ba ne, amma mai HSA inshorarsa irin mai babban kason farko ce, wato kuɗin da mutum zai fara biya da kansa kafin inshora ta karɓa, wanda a 2025 bai gaza dala 1,650 ga mutum ɗaya ba, ko 3,300 ga iyali, ma'ana ganin likitan da zai rubuta takardar ma daga aljihunsa zai fito, ya cinye wani ɓangare na ribar. Mu kuma a nan jiharmu, da su Abu Sadik a Kalifoniya, harajin jiha bai san da rangwamen HSA ba. Ni da a ce nawa ne, da na bar kuɗin HSA suna taruwa saboda ranar babbar jinya, na biya tausa daga aljihu na adana rasit da takardar likita, tunda babu wa'adin da aka sa na mayar wa kai kuɗin, matuƙar an yi jinyar bayan buɗe asusun. Mai FSA ne lissafinsa ya bambanta, domin shi agogo yana bin sa.

Maman Ummi, Niyok:
Ina da tambaya biyu, ku gafarce ni. Mahaifiyata ta zo mini wankan jego daga gida da bizar ziyara, kuma tana fama da ciwon gwiwa, ko zan iya biya mata tausa da katina? Sannan akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da take zuwa gida tana yi wa masu jego gashi da tausa, hannunta yana da kyau ƙwarai, kuma na fi sakewa da mace 'yar'uwata a ɗakina. Ko aikinta zai shiga?

Malam Akanta:
Barka da arziki, Allah ya raya. Game da mahaifiyarki, asusun yana biya wa mai shi, da mijinta ko matarsa, da waɗanda doka ta ɗauka suna ƙarƙashin kulawarsa. Kafin uwa ta shiga wannan sahu sai ɗanta ko 'yarta na ɗauke da fiye da rabin ɗawainiyarta, kuma sai ta kasance 'yar ƙasa ko mazauniyar Amurka, ko mazauniyar Kanada ko Meziko. Wadda ta zo ziyarar ɗan lokaci galibi ba ta cika sharaɗi na biyu ba, komai yawan abin da ake aika mata gida. Game da mai gashin kuwa, jego shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai likita ya ambaci wata matsala, kamar ciwon ƙugu ko na baya bayan haihuwa. Ko an samu takardar, akwai batun lasisi: a jihar Niyok sai mutum ya yi karatun awa 1,000 ya ci jarrabawa kafin a ba shi izinin sana'ar tausa, yin ta ba lasisi kuma laifi ne a dokar jihar, don haka rasit ɗinta ba zai yi miki amfani ba, yana ma iya jawo mata matsala. Mata masu lasisi suna da yawa, wasu suna zuwa har gida, kuma neman mace tun lokacin ajiye rana abu ne da aka saba da shi.

Direban Dare, Niyok:
Mu masu tuƙa motar haya fa, da muke zaman kanmu? Bayanmu ya fi na kowa shan wuya.

Malam Akanta:
Mai zaman kansa ba shi da FSA, domin sai ta hannun wurin aiki ake samunsa. HSA kuwa kana iya buɗewa da kanka idan inshorarka irin wadda ta cancanta ce, ka zuba har dala 4,300 a 2025, ko 8,550 idan ta iyali ce, ka cire su daga kuɗin da za a yi wa haraji. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙara faɗaɗa ƙofar, ta yadda daga Janairun 2026 tsare-tsaren matakin tagulla, wato masu sauƙin kuɗin wata-wata, da ake saya a kasuwar inshorar gwamnati za su cancanta. Amma wanda yake kan Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba zai iya zuba kuɗi a HSA ba.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira ofishin ma'aikata, sun ce tsarinmu yana da ƙarin wa'adi zuwa 15 ga Maris, kuma na sami ranar ganin likita a farkon Disamba, zan kuma tambaye shi batun gashin ƙashi kamar yadda Likita ya ce. Saura abu ɗaya: wani gidan tausa yana sayar da zuwa goma a dunƙule da rangwame. Zan iya biya gaba ɗaya kafin wa'adin, in riƙa zuwa a hankali har bayan Maris?

Hajiya Nas:
A'a, Malam. FSA ranar da aka yi aikin yake dubawa, ba ranar da aka biya ba, saboda haka duk zuwan da ya faɗo bayan 15 ga Maris ba zai fita daga kuɗin bana ba. Idan ka sayi dunƙulen, ka nemi a riƙa ba ka rasit na kowane zuwa, kana turawa ɗaya bayan ɗaya. Tukuicin da za ka ba mai tausa da kuɗin zama mamba na wata-wata ka ware su, yawancin kamfanoni ba sa biyansu. Tunda kuma wurin aikinku ƙarin wa'adi ya zaɓa, ba za ku sami damar tsallakar da ragowa zuwa baɗi ba, wadda a wasu wuraren ta kai dala 660 daga kuɗin 2025, domin ba a haɗa biyun. Idan ka ga kuɗin za su yi saura, tun 2020 an yarda a sayi maganin ciwon jiki na kanti da man shafawa na ciwo ba tare da takardar likita ba, ga kuma tabarau da aikin haƙori na Amira da mahaifiyarta.

Ɗan Zango:
Ni har yanzu ina ganin an ƙuntata ma'anar rigakafi fiye da kima. Amma ina da ganin likita a watan gobe, zan yi masa maganar ƙuguna. Hajiya, fom ɗin da kika ambata, mai HSA shi ma a shafin bankinsa zai same shi?

Hajiya Nas:
Wasu bankunan suna da shi, wasu ba su da shi, tunda ba su za ka tura wa ba. Idan ba ka samu ba, wasiƙar likita a kan takardar asibitinsa ta wadatar, in dai ta ƙunshi ciwon da jinyar da tsawon lokacin. Ka ajiye ta tare da takardun harajinka na wannan shekarar.